Inci ɗayan da ya rage a geji

Shekarata ta biyu ke nan ina koyon gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki a Gusau lokacin da wata hajiya mai sana'ar ƙanƙara ta aiko da firizarta, ana saura kwana huɗu a fara azumi. Maigidana ya canza kwamfuresa, ya bar ni in zuƙe iska kafin a ɗura gas. Na haɗa injin bakum mai zuƙe iskar, allurar geji, wato agogon auna matsi, ta gangara ta tsaya a 29. Na ce ai shi ke nan, 30 ne ƙarshen ma'aunin, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Na kashe injin bayan minti goma.

Kwana uku firizar ta dawo. Danshin da na bari a ciki ya daskare a bakin siririn bututun nan mai kama da tsinken tsintsiya, ya toshe hanyar gas. Jarin hajiya ya narke a daidai lokacin da ƙanƙara ke tsada. Har yau ina jin nauyin wannan.

Maigida bai yi faɗa ba. Ya buɗe takardar da ta zo da kwamfuresar, ya ɗora yatsa a kan maikuron 500, wato ma'aunin ɗan matsin da ake so ya rage a ciki bayan zuƙa, ya ce, "Yaro, 29 ɗinka maikuron nawa ne?" Na yi shiru.

A bayan kwalin muka yi lissafin. Gejinmu irin na Amurka ne, yana ƙirga matsi da incin zaiba, wato tsayin da ruwan zaiba ke kaiwa a bututu, kuma daga matsin iskar waje yake farawa ya yi ƙasa. Shi kuwa maikuron daga ƙasa yake tasowa, daga inda babu iska ko kaɗan. Kowanne da inda ya sa gaba, kuma wannan ne ban taɓa lura da shi ba. Matsin iska a bakin teku inci 29.92 ne, wato milimita 760 na zaiba. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, kowace milimita kuma maikuron 1,000. To, a lissafin bakin teku, a cire 29 daga 29.92, saura 0.92, a ninka da 25,400, sai ga maikuron sama da 23,000. Ana neman 500, ni na tsaya a abin da ya ninka shi fiye da sau arba'in.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, maikuron 500 daidai yake da inci 29.90, maikuron 5,000 kuma 29.72. Tazarar ba ta kai kaurin allurar kanta ba, ido ba zai raba su ba. Ga shi kuma mu nan ba a bakin teku muke ba, iskarmu ta fi sauƙi, don haka ko lafiyayyen geji ba zai kai 29.92 a Gusau ba.

Dalilin dogon zuƙa kuwa, ruwa ake so ya tafasa ya fita. A zafin digiri 30, sai matsi ya sauka ƙasa da milimita 32 na zaiba kafin ruwa ya fara tafasa, kuma yana buƙatar lokaci.

Da na buɗe shagona, geji mai nuna maikuron da lambobi na fara saya, tun kafin in sayi benci. Idan ya sauka 500 nakan rufe bawul in jira minti goma sha biyar, in ga ko lambar za ta hau.