Kwana Uku a Gidan Masu Inabi a Kakheti

Tun a mota ɗan yayata ya fara yi mini huɗuba. "Kawu, mutanen nan fa giyar inabi ita ce mutuncinsu. In sun zuba maka, kada ka ɓata fuska, kada kuma ka ɗauko wa'azi. Ka bar ni da su." Na ce, "To Likita, mun ji." Shekararsa huɗu yana karatun likita a Tbilisi, babban birnin Jojiya, wato ƙasar nan da ke tsakanin Rasha da Turkiyya, ba jihar Amurka ba. Abokin tafiyata, mutumin Jos, Kirista, wanda muka daɗe muna aiki a ofis ɗaya kuma ita ma 'yarsa can take karatu, ya juyo daga kujerar gaba ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Duk kofin da aka ba ka, miƙo mini, ni zan ɗauke maka nauyin."

Matar da ta ba yaron hayar ɗaki ce ta gayyace mu ƙauyen iyayenta kusa da Telavi, a yankin Kakheti, inda ake noma mafi yawan inabin ƙasar. Ƙarshen Satumba ne, lokacin tsinkar inabi da suke kira rtveli. Jiya-jiyan nan yaron ya hau da mu kan tudu a Tbilisi ya nuna mana mutum-mutumin wata mace mai tsawon mita 20, wadda suke kira Uwar Jojiya: takobi a hannun dama domin abokin gaba, ƙoƙon giya a hagu domin baƙo. Sai a motar nan na gane cewa ni ne baƙon, kuma ƙoƙon nan ni yake jira.

Tafiyar ba ta cika kilomita 100 ba ta kan dutsen Gombori, amma hanyar ta murɗe kamar hanjin akuya, sai da muka ci kusan awa biyu. Muna gangarowa sai ga kwarin kogin Alazani a shimfiɗe, gonakin inabi layi-layi, can bayansu duwatsun Kokasus sun tokare sama.

Gidan ba na masu kuɗi ba ne. Tsakar gida an yi mata rumfa da kuringar inabi, nonnan na reto a kan mutum, sai ka sunkuya. Tsohon gidan ya fito ya rungume mu ɗaya bayan ɗaya kamar ya san mu. Abin da ya fara rikita ni shi ne na ji 'yarsa tana kiransa "mama". Ashe a harshensu uba ne mama, uwa kuma deda. Abokina ya ce lalle mun zo inda duniya ta kifa. Mu dai muka bi jikoki, muna ce wa tsohon Babuwa, tsohuwar kuma Bebiya.

Ko ruwa ba mu sha ba ya ja mu wani ɗaki mai sanyi a bayan gida, ɗakin giya da suke kira marani. Na shiga ina neman ganguna ko kwalabe, ban ga komai ba sai faifayen dutse guda shida a ƙasa. Ya ɗaga ɗaya, sai ga baƙin rami. Randa ce, binne har wuya. Kvevri suke ce mata, ta yumɓu ce gasasshiya, gindinta tsini kamar ƙwai, an shafe cikinta da kakin zuma. Babbar cikinsu sai mutum ya zura tsani ya shiga ciki kafin ya wanke ta. A nan ake zuba inabin da aka matse, ruwa da ɓawo da 'ya'ya har da ɗan karan, ya yi ta tafasa ba wuta har sati biyu ko uku ana juya shi kullum. In ya lafa sai a rufe baki a liƙe da laka, ba a buɗewa sai bayan sanyi ya wuce. Ƙasa ce ke riƙe masa sanyinsa, kamar yadda kakata take binne gindin randarta a jiƙaƙƙen yashi. Da ya ɗauko abin ɗiba kuwa sai da na yi dariya: ludayin duma ne, an ɗaura masa dogon mariƙi.

'Yarsa ta ce UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan sana'a cikin kayan gadon duniya a 2013, kuma a kudu da Tbilisi an tono fasassun tukwane masu alamar giyar inabi da suka kai shekara 8,000. Da aka fassara wa Babuwa abin da take faɗa, sai ya kaɗa hannu. Shi abin da ya dame shi, randa ta uku daga ƙofa, ta kakansa, ta fara tsagewa, kuma masu ginin irinta sun yi ƙaranci.

Da muka fito sai Bebiya ta miƙo mini wuƙa da kaji biyu. Na tsaya sororo. Yaron ya ce, "Kawu, yanka za ka yi." Ashe ba mu ne Musulmin farko da suka ci abinci a gidan ba. A kwarin Pankisi, ba nisa da su, akwai Kistawa Musulmi, dangin Ceceniyawa, kuma tsohon ya yi cinikin tumaki da su shekara da shekaru. Na nemi alƙibla a waya, na yi bisimilla, na yanka. Naman alade da suka saba gasawa a tsinke a kan garwashin busasshen reshen inabi, can ƙarshen gida suka kai shi, da nasa faranti daban. Ba wanda ya roƙe su.

Walimar da suke kira supra ba a kwashe mata kwano, ɗorawa ake yi, faranti kan faranti. Doguwar gurasa da aka manna a jikin tanderu irin na masu gurasar Kano, wake a ɗan kasko, cukun tumaki mai gishiri, soyayyen dogon yalo da aka naɗe da niƙaƙƙiyar wata ƙwaya mai kama da ƙwaƙwalwa, nigozi, aka barbaɗa masa 'ya'yan rumman. Kajina sun dawo cikin miyar tumatir da ganye, dage-dage sak, yaji kawai ta rasa.

Sai aka kawo tuluna. Kowa ya yi shiru, Babuwa ya miƙe. Shi ne tamada, mai jan ragamar tebur, kuma ba mai kai kofi baki sai ya yi jawabi ya gama. Ya nufo kofina da tulu, yaron ya yi masa magana a hankali da harshensu. Tsohon ya tsaya, tulu a hannu, ya dube ni. Ba haushi ne a fuskarsa ba, ya fi kama da wanda ya yanka wa baƙo rago aka ce masa baƙon ba ya cin nama. Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Wannan wutsiyar dai ba ta ɗauruwa. Na kuma san a cikin masu karanta wannan akwai wanda zai ce zaman teburin ma bai kamata ba, kuma yana da hujjarsa. Na zauna, ban sha ba, iyakar abin da zan faɗa ke nan.

Bebiya ce ta raba gardamar. Ta shiga ciki ta fito da wani ƙaramin tulu na ruwan inabin da aka matse da safiyar ranar, ko kwana bai yi ba. Ta cika mini kofi ta faɗi wata magana, tebur ya fashe da dariya. Wai ta ce ai duk abu ɗaya ne, nawa dai jariri ne. Na kurɓa. Kauri gare shi, gurɓi-gurɓi, zaƙinsa har maƙogwaro kamar an matse rake an ɗiga masa tsamiya. Babuwa ya ɗaga kofinsa ya ce "Gaumarjos!", wato fatan nasara, kowa ya amsa, har da ni.

Jawaban suna da tsari: zaman lafiya, ƙasa, iyaye, sannan mamata. Da aka zo kan mamata maza suka miƙe tsaye, tsohon ya ambaci sunayen nasa ɗaya ɗaya, ya ɗiga giya kaɗan a kan gutsuren gurasa. Ni kuma na yi wa mahaifina addu'a a zuci. Nan take ya bi da jawabin yara, don ba a barin tebur a hannun mutuwa. Can sai ya nuna ni ya ce "Alaverdi", wato ya miƙa mini magana in ɗora. Na tashi da kofin jaririna na ce a garinmu ana cewa baƙonka annabinka. Yaron ya fassara. Tsohon ya buga tebur, wai su ma suna cewa baƙo daga Allah yake, ya rantse wani ya sato daga wani.

Ɗanɗanon giyar kuwa aikin abokina ne, kuma ya shiga uku. Tulu uku aka jera masa. Biyu na farin inabi ne, rkatsiteli, ɗaya na Babuwa, ɗaya na ƙanen Bebiya da ya taso daga ƙauyen gaba musamman da nasa a jarka. Farin inabi ne amma giyar ba fara ba ce, launin shayi ce, saboda watannin da ta yi kwance da ɓawo. Na uku saperavi, baƙi wuluk, sunan ma ma'anarsa abin rini, kuma ya rina wa kowa haƙora. Surukan biyu suka harɗe hannu suna jiran hukunci.

Ya kurɓi na farko, ya juya shi a baki, ya lumshe ido, ya juyo gare ni. "Alhaji, bauri! Ka san ɗanyar kanya? Ko ka tauna goro ka sha ruwa? To haka, harshe ya bushe, amma can ƙasa akwai wani abu kamar busasshen dabino." Yaron ya rasa yadda zai fassara bauri da Turanci. Da ya kwatanta musu da hannu a kan harshe, sai tsohon ya yi tsalle, wai shi ke nan, abin da ɓawo da 'ya'ya suke bayarwa ke nan, kuma masu zuwa daga Turai sai su yi ta dogon Turanci ba su faɗe shi ba. Aka sa abokina ya maimaita kalmar sau uku, Babuwa na bin sa, "ba-u-ri". Na ji daɗi fiye da kima, don kalmar da muke ba 'ya'yan itacen dajinmu ce ta zauna daram a kan giyar da ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba.

Ni ma an miƙo mini in sansana. Na farko ƙamshin busasshen ganye da zuma, na biyu ya fi kaifi, akwai ɗan tsami a hancinsa. Saperavi kuwa zoɓo ne da ya yi kauri. Abokina ya raɗa mini cewa na surukin ya fi shiga, amma a gidan wa muke kwana? Sai ya miƙe ya ce na farko dattijo ne, na biyu saurayi, kuma gida ba ya tsayuwa sai da duka biyun. Aka tafa masa. Ladansa ƙahon sa da aka cika masa da saperavi, kuma ƙaho ba ya ajiyuwa a tebur sai an shanye. Da asuba na tashi salla ina jin minsharinsa ta bango.

Washegari gayya ce. Dangi da maƙwabta suka cika gona da almakashi da bokitai, muka yi ta yanka nonnan inabi har rana ta take, zuma na bin hannuwanmu. Bayana ya gaya mini shekaruna. Da yamma mata suka ɗora tukunya, suka dafa ruwan inabi ya ƙone ya yi kauri, suka tuƙa shi da garin alkama kamar za a yi tuwo. Suna tsoma ƙwayar nigozi da aka shirya a zare kamar carbi, su rataye ta bushe. Curckhela ke nan, alewarsu ta guzuri. Aka ba ni muciya, na tuƙa, Bebiya ta ƙwace ta ce zan ƙona mata tukunya. Daren nan ma na sha daga ɗan tuluna lafiya lau.

A dare na uku mutane sun ragu, daga mu sai tsofaffin biyu da 'yarsu, abincin ma ragowa ne da kifi. Bebiya ta ɗauko tulun nan nawa daga kicin, inda ya kwana biyu kusa da murhu. Tana zubawa na ga 'yan ƙananan kumfa suna tasowa a gefen kofi. Na kai hanci. Zaƙin na nan, amma akwai wani abu a bayansa, kamar kunun da ya kwana.

Ina yaro a zauren malaminmu mun karanta cewa ruwan inabi halal ne muddin bai tsimu ya fara kumfa ba. Mun haddace, mun wuce, alhali ba ɗayanmu da ya taɓa ganin gonar inabi, sai dai 'yan ƙwayoyi a faranti in wani ya dawo daga Makka. Shekara arba'in bayan nan ga mas'alar a gabana cikin kofin gilashi, tana motsi.

Na ajiye kofin. Bebiya ta ɗauka ta kurɓa, ta taɓe baki ta ce, "Machari." Haka suke kiran sa in ya fara tashi bai gama zama giya ba. Ta ce wa yaron ya gaya wa kawunsa jaririn ya fara tafiya. Ta tura kofin gaban abokina, ta ɗauki fitila ta fita tsakar gida, ta yanko nono biyu daga rumfar, ta matse mini su da hannu a cikin rariya.