Sai da na yi asarar kwalbar man ƙamshi guda kafin na gane

Wallahi har yanzu idan na tuna ranar sai na ji haushin kaina. Na kwaɓa ƙullun da ake yin ƴan kayan adon nan na ratayewa masu sa ɗaki ƙamshi, yana kan wuta yana tururi, sai na ɗauko kwalbar man lemo na juye kusan rabi a ciki wai dan ƙamshin ya shige shi sosai. Kicin ya ɗau ƙamshi kamar me, ina ta murna. Bayan kwana biyu da suka bushe na kai hanci, ba komai! Sai warin sitaci. Ashe ƙamshin da na ji ranar shi ne man yana guduwa, dan shi irin wannan mai na tsirrai ba ya shiri da zafi, yana jin ɗumi yake bin iska. Na sake gwadawa da sauran rabin, na sake yin kuskuren, kwalba ta ƙare.

Toh yanzu dai na koyi hankali. Ƙullun kansa ba wuya, kofi 2 na bakin soda (baking soda), kofi 1 na garin sitacin masara, ruwa kofi 1 da kwata, ki haɗa a tukunya ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa kar ki tsaya, da farko kamar madara zai yi ki ce ba zai taɓa kama jikinsa ba, sai kawai cikin ƴan mintoci ya dunƙule ya saki gefen tukunya. Nan take ki sauke, idan ya wuce haka tsagewa zai yi ta yi daga baya. Ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma ya huce, ki murza shi da kwalba kaurin kamar rabin santimita, ki yanka da bakin kofi ko murfi. Ni na fi son na danna ganye mai jijiya a kai na ɗaga a hankali, zanen ganyen yana fitowa tsaf kamar an sassaƙa. Kar ki manta ki huda rami a sama tun yana da laushi, ni na taɓa mantawa na zo hudawa bayan ya bushe ya rabe biyu a hannuna. Kwana 1 zuwa 2 yake bushewa, ki dinga juya shi dan kar ya lanƙwashe.

Sai ya bushe ƙarau, sannan mai. Ɗigo 3 ko 4 a BAYANSA, ba a fuska ba, dan yana barin tabo rawaya-rawaya. Shi ke nan fa, abin da ya ci min kwalba guda kenan.

Akwai kuma na garin POP, farin garin nan da ake adon silin da shi, wannan ma ya fi shan mai ya riƙe, awo 2 na gari awo 1 na ruwa, ki zuba a mazubin roba, cikin kamar minti 30 ya daskare, za ki ji yana ɗumi a hannu lokacin da yake kamawa, haka yake yi. Shi ma sai ya bushe sosai kafin ki ɗiga masa komai. Ragowar kuma kar ki kuskura ki wanke a sinki, a cikin bututu zai daskare ki kira mai gyara.

Zaɓen man ne inda na fi daɗewa ina kokawa. Su man lemo, lemun tsami da na'a-na'a suna da daɗin shaƙa amma ba su da haƙuri, kwana ɗaya biyu sun tafi, saboda su ne masu saurin tashi. Labanda tana tsaka-tsaki. Masu nauyin, irin su sandal da facholi da man itacen sida, su ne ke zama har mako ko fiye, amma su kaɗai sai ɗaki ya yi nauyi kamar an rufe tsohon akwati. Sai na koma haɗawa, ɗigo 2 na lemo, 1 na labanda, 1 na mai nauyi, mai nauyin yana ɗan riƙe ƙafar masu gudun. Kuma ki sani mililita 1 wajen ɗigo 20 ne, ƴar kwalbar mililita 10 ɗin nan da ake rainawa za ta kai ki watanni idan ba irin ɓarnata kika yi ba. Ki bar ta a kwalbarta mai duhu nesa da rana, musamman na lemo da ke saurin lalacewa. Idan kuma aka nuna miki babbar kwalba aka ce zallar man fure ne na wardi a araha, toh ki yi murmushi kawai, sai an tara furen da ya kai tan 3 ko fiye kafin a tatsi kilo 1. Wanda ake haɗawa a masana'anta ba laifi ba ne, yana ma daɗewa, a dai faɗa miki gaskiyar abin da kika saya.

Wani abin da ya yaudare ni shi ne hancina. Na rataya guda huɗu a falo, bayan kwana uku na daina jin komai, na ƙara ɗigo, washegari na sake ƙarawa. Ƙanwata ta shigo, ko zama ba ta yi ba ta ce "Yaya, me kika zubar a ɗakin nan? Kaina har ya fara sarawa." Ni kuwa ba na jin komai! Hanci yana sabawa da ƙamshin da yake zaune a ciki ya daina kai rahoto, ba man ne ya ƙare ba. Yanzu kafin na ƙara sai na fita na sha iska na dawo, idan na ji shi a bakin ƙofa sai na ƙyale shi, kuma duk bayan mako biyu ina canja haɗin.

Kuma dan Allah kar a ɗora shi kai tsaye a kan tebur mai sheƙi. Man lemo yana cin fenti yana narkar da wasu robobi, teburina har yau da zoben tabo a kai, ƴar faranti ta tangaran nake sawa a ƙasa yanzu. Mai kyanwa a gida ta yi hattara sosai, hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wasu sinadaran da ke cikin man nan, su tea tree da man turare na yukaliftus da na'a-na'a da lemo duk suna iya cutar da ita. Haka ɗakin jariri, ni ba na sa komai a ciki, kuma masu asma a tambaye su tukuna. A rataye sama inda yaro ba zai kai ba, dan fararen nan masu siffar tauraro ko zuciya kamar abin ci suke a idonsa.

Na kuma daina tunanin wai zai rufe wari. Na gwada a kusa da takalma, abin da ya fito warin safa ne mai ɗanɗanon labanda, ya fi na da muni. Sai da na wanke, na buɗe taga, wurin ya sha iska, sannan na rataya. Inda ya fi yi min aiki shi ne cikin wadirob da bayan ƙofa da kusa da taga inda iska ke wucewa, duk wanda ya turo ƙofa sai ƙamshin ya ɗan taso. Na cikin wadirob ɗin yau kwanansa goma sha biyu, ɗazu na buɗe ɗaukar mayafi har yanzu sandal ɗin yana nan.