Yakutsk: ƙasar da ta daskare amma ba ta mutu ba

Da akwati cike da rigunan sanyi na sauka a Yakutsk, wani gari a yankin Siberiya na Rasha, cikin watan Yuli, sai na tarar da zafi, ga sauro kamar an yi musu gayya. Benayen garin duk a kan ginshiƙan kankare suke, iska na ratsawa ta ƙarƙashinsu, don kada ɗumin ɗaki ya narkar da daskararriyar ƙasar da ke ɗauke da su.

Wata baiwar Allah mai bincike ce ta shiga da ni ɗakin gwajin Cibiyar Melnikov mai nazarin daskararriyar ƙasa, wanda aka haƙa har mita 12 cikin ƙasa. Sanyin da ke can, hunturunmu na gida ko kusa. Na shafa bangon yashi da ya yi dubban shekaru a daskare, ita kuma ta ce kada in ɗauka matacce ne. Ƙananan halittun da ido ba ya gani suna nan cikinsa, wasu na barci, wasu na lallaɓa rayuwa cikin ɗan ruwan da bai daskare ba tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Da ƙasar ta narke sai su farka su hau cin tsofaffin saiwoyi. Inda ta bushe su fitar da iskar kabon, inda ruwa ya kwanta su fitar da iskar methane, dukansu biyu masu ɗumama duniya. Kabon ɗin da ke binne a irin wannan ƙasa ya kusa ninki biyu na wanda ke sararin sama. A nan jikina ya yi sanyi.

Ta tuna mini da yankin Yamal na arewacin Rasha a 2016, inda cutar anthrax mai kama dabbobi da mutane ta ɓulla bayan zafi mai tsanani da ya narkar da ƙasa, ta kashe barewar arewa fiye da 2,000 da wani yaro. Ga kuma tsutsar yankin Kolyma da aka farfaɗo da ita bayan shekara kusan 46,000 a daskare.

Da dare ta kai ni gidanta, ta yanko ɗanyen kifi daskararre siriri-siriri, da gishiri da masoro. Mutanen nan ba su da yawan murmushi, amma hannunsu a buɗe yake. Tsadar tumatir da 'ya'yan itace kuwa, ruble, kuɗin Rasha, ba ya daɗewa a aljihu.

Washegari muka ga wani tafki yana tsartar kumfar methane. Duwatsun bakin Kogin Lena ta jirgin ruwa na gan su, ruwan sama na dukanmu.