Godiya ga Malama da duk wanda ya sa hannu

Assalamu alaikum jama'a. A madadin ɗalibanmu masu koyon rubutun ƙagaggun labarai nan Maradi, muna miƙa godiya ga Malama marubuciya da ta taso tun daga Damagaram ta biyo ta Tasawa cikin wannan zafi don kawai ta zauna da yaranmu, ko dala ba ta karɓa ba, kuɗin mota ma da munka miƙa cewa ta yi a saya ma yara kaye da bik. Malama Allah shi saka da alheri, shi ƙara basira.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ba ta tsaya dogon bayani kan jigo da salo ba, kayen wata ɗiya ta ɗauka ta karanta, shafi guda cur ana yabon kyan tauraruwa, ido kaza hanci kaza, sai ta aje ta ce to ɗiyata mun ji tana da kyau, amma mi take so, kuma wa ya hana ta samu? Nan take yarinyar ta ce tauraruwar so take ta koma lakkol kawunta ya hana. Malama ta ce to daga nan labarinki ya fara. Wallahi har mu manya mun ƙaru.

Ta kuma ja kunnensu su bar kwaikwayon bakin Kano in labarin a Maradi yake faruwa, mai tallar fura a Bagalam ko ɗan kabu-kabu a bakin babbar kasuwa ba haka suke magana ba, a je a saurare su a rubuta yadda sunka faɗa. Ni dai wannan magana ta yi mini daɗi ƙwarai, don harshenmu ba abin kunya ba ne. 'Yan matan kuma ta ƙarfafa musu gwiwa su gwada gasar Hikayata ta BBC Hausa, ta rubutun gajerun labarai ta mata, da anka fara tun 2016.

Godiya ga mushen da ya ba mu aron aji, da wanda ya kawo janareto da kuran ya ɗauke, da iyaye mata da sunka bar ɗiyansu har bayan la'asar. Waɗanda Malama ta tafi da kayensu ku yi haƙuri, ta ce za ta aiko da su tare da gyara in Allah ya yarda.