Batad: Gonakin Dutse da Abin da Taswira Ta Kasa Gani

Daga Manila motar dare muka hau zuwa Banaue da ke lardin Ifugao a arewacin ƙasar Filifin. Gari na wayewa muka sauka cikin hazo da sanyi, muka kama ƙaramar mota zuwa hanyar Batad. Inda titi ya ƙare, nan ƙafa ta karɓi aiki. Abin da ya kai mu shi ne gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam na yanzu, mu ga gonakin shinkafar da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin duwatsu, wanne ke raye, wanne daji ya cinye.

Batad kwari ne da gonaki suka zagaye shi tun daga gindi har kusan ƙololuwa, kowane fangali da katangarsa ta dutse. A 1995 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da gonakin dutse na Bangaan, Mayoyao, Hungduan da Nagacadan. A 2001 aka mayar da su jerin wuraren da ke cikin haɗari saboda yawan gonakin da aka yasar, sai a 2012 aka cire su. Abin mamaki, gonakin da ke bakin garin Banaue, waɗanda aka fi ɗauka a hoto, ba sa cikin jerin.

Masu aiki irin namu suna cin albarkacin Harold Conklin, masanin al'adun ɗan'adam na Jami'ar Yale, wanda ya fara bincike a Ifugao tun 1961, ya kuma fitar da kundin taswirorin yankin a 1980, da hotunan jirgin sama da bayanan manoma. Samun irin wannan madogara ba ƙaramin abu ba ne, domin tauraron Landsat kowane ɗigo na hotonsa mita 30 yake rufewa, na Sentinel-2 kuwa mita 10. A gangare mai tsauri akwai fangalin da faɗinsa bai kai haka ba. Ga gajimare da ke lulluɓe duwatsun a yawancin damina.

A kwamfuta mun yi wa wani gefen kwarin alamar "ana nomawa", don kore ne shar. Da muka hau, sai muka tarar da ciyawa da ƙananan itatuwa, katanga ta zube a wurare biyu. Wani dattijo da ke gyaran magudana a ƙasa da wurin ya ɗago ya dube mu. Ta bakin ɗan rakiyarmu na ce, "Baba, yaushe aka daina noma nan?" Bai ba ni shekara ba. Ya nuna sama, ya ce tun da ƙasa ta zaftare ta toshe hanyar ruwa, masu gonar kuma 'ya'yansu suna birni, ba mai ɗauko dutse.

Maganarsa ta fi taswirarmu daidai. Gonar nan da ruwa take rayuwa. A saman kowane rukuni akwai kurmin da iyalai ke kiwatawa, suna kiransa muyong, shi ke riƙe ruwan sama ya riƙa sakinsa a hankali. Ruwan ya shiga fangalin sama, ya malala zuwa na ƙasa, haka har gindin kwari. Idan fangali ya bushe, yumɓunsa sai ya tsage, ruwan da ya dawo ya bi tsagar ya ture katanga, ɓaraguzan su faɗa gonar maƙwabci. Ga wasu manyan tanu da ke huda ƙasa suna yoyar da ruwa. Mutum ɗaya ya yi ƙaura, na ƙasa da shi su ji a jikinsu. Shinkafar gargajiyar, tinawon, sau ɗaya ake girbe ta a shekara, shi ya sa saurayi da ya lissafa wahala da amfani yakan zaɓi rakiyar 'yan yawon buɗe ido. Ni dai ban ga laifinsa ba, bayan da gwiwoyina suka ɗanɗana matakalan nan.

Ko shekarun gonakin ma an sake lissafi. An daɗe ana cewa sun kai shekara 2,000, kamar yadda masanin al'adun ɗan'adam H. Otley Beyer ya yaɗa. Tonon da masanin kayan tarihi Stephen Acabado da abokan aikinsa suka yi, da gwajin kabon da ake gane shekarun abu da shi, ya nuna noman shinkafa a waɗannan fangaloli ya bunƙasa ne kimanin shekara 400 da suka wuce, lokacin da mutane ke hawowa duwatsu don kauce wa mulkin Sifaniyawa. Kafin nan gwaza ake nomawa.

Sauran kwanakin mun sauya salon aiki. Muka buga hotunan a manyan takardu, muka shimfiɗa su gaban manoma, kowa ya nuna gonarsa da ta maƙwabcinsa: wadda ke da ruwa, wadda aka mayar ta dankali, wadda aka gina gida a kanta, da wadda aka farfaɗo da ita bayan an yasar. Wannan rukuni na ƙarshe babu shi sam a tsarin da muka zo da shi, dole muka ƙara masa launi na daban kafin mu kama hanyar Bangaan.