Keken Doki Marar Doki: Tafiyarmu Portland

Sati uku na yi a Fort Wayne ta jihar Indiana a Amurka, gidan ɗana, zaman ɗaki ya fara cina. Wanda ya shekara talatin hannunsa cikin baƙin mai a gareji, a ce ya wuni gaban talabijin? Ƙarar guduma daga garejin maƙwabcinsu ce ta cece ni. Wani dattijon Bature ne, tsohon mai walda da ya ajiye aiki. Leƙawar da zan yi sai na ga kujera mai cin mutum biyu ɗore a kan tayoyin keke huɗu, katakon gabanta ya lanƙwaso sama kamar bakin tabarmar da aka fara naɗewa. Babu sitiyari, sai wata sanda da ake karkatawa hagu da dama.

Ya ce kwaikwayon motar Oldsmobile ce ta 1901, wadda Ransom Olds, wanda ya kafa kamfanin, ya riƙa sayarwa dala 650, lokacin da Amurkawa ke kiran mota keken doki marar doki. Tasa kuwa da hannunsa ya haɗa ta a damuna biyu da hunturu uku. Na durƙusa na duba ƙarƙashi, don bakanike ba ya yarda da fenti. Injin yankan ciyawa ne mai fistin ɗaya, giyar ma daga can ya ciro ta, sai kaca ta kai ƙarfin zuwa tayoyin baya. Waldar kuwa sumul, ban sami abin kushewa ba, kuma Allah Ya sani na nema.

Da ya ce ƙarshen Agusta zai kai ta taron tsofaffin injuna a Portland, wani gari a nan jihar Indiana, ban jira ya gama gayyatar ba. Ɗana ya ce, "Baba, wuni fa za ku yi cikin rana." Na ce, "Yaro, wanda ya wuni a Ƙofar Ruwa cikin Afrilu kake tsorata da ranar Indiyana?"

Bayan asuba muka ɗaure ta a ƙaramar tirela bayan a-kori-kurarsa, don ba ta da lambar hawa babban titi. Muka miƙi hanya mai lamba 27 muka yi kudu, tafiyar kamar mil 50, masara da waken suya hagu da dama har ido ya gaji. Mun wuce Decatur, muna dab da Berne, sai ga keken doki na gaske a gefen titi, doki na sassarfa, wani magidanci mai gemu da malafa riƙe da linzami, 'ya'yansa a baya. Mutanen Amish ke nan, waɗanda har yau ba sa tuƙa mota. Yaran suka bi tirelarmu da kallo. Ko me suka raya a ransu, ganin an sace doki an ɗora keken a bayan mota? Dattijon ya rage gudu sosai kafin ya wuce su, kada dokin ya firgita.

Filin baje kolin gundumar Jay da ke Portland, inda ake taron, ya cika maƙil. Tun daga ƙofa kunnena ya kai ni gida: tuf, shiru, shiru, tuf. Tsofaffin injunan gona ne masu manyan ƙafafun ƙarfe, waɗanda ba sa cin mai sai gudunsu ya ragu, su buga sau ɗaya su sake yin shiru. Duk wanda ya taso kusa da injin niƙa na Lister zai ji kamar ya gamu da kakan wancan. Taraktoci kuwa layi-layi, kore da ja, ban tsaya musu ba.

Mun sauke tamu kusa da wasu irinta. Kafin dattijon ya goge ƙura, kafin ma ya kafa rumfa, allo ya fara jinginawa a gabanta. An rubuta cewa wannan kwaikwayo ce, an haɗa ta a gida, ga irin injin da ke ciki. Abin ya tsaya mini a rai. A sana'armu rabin rigimar duniya a kan jabu ce da orijina, mai kaya ya rantse maka, ka ɗaura, sati biyu ya watse. Ga mutum nan da zai iya yin shiru rabin masu wucewa su ɗauka ta shekara ɗari da ashirin ce, amma shi ya fara tona kansa. Duk da allon, wunin ranar tambaya ɗaya ce: ta asali ce? Shi kuma bai gaji da cewa a'a ba, har ya ɗaga kujera ya nuna musu injin ciyawar yana dariya.

Na gane dalilinsa da yara suka fara zuwa. Ta asali tana bayan igiya a gidan tarihi, ko hannu ba a kai mata. Wannan kuwa duk yaron da ya tsaya sai an ɗora shi, ya riƙe sandar, ya matsa ham ɗin roba, uwarsa ta ɗauki hoto. Na tuna motar kara da ta gwangwani da muke yi muna yara, ba mu taɓa cewa Marsandi ce ba, kuma ba ta hana mu tuƙa ta har magariba ba.

Maƙwabcinmu a layin ya kwaikwayi Quadricycle, motar farko da Henry Ford ya haɗa a 1896 a wani ɗan ɗaki bayan gidansa a Detroit. Ya ba ni labarin yadda ta fi ƙofa faɗi, sai da Ford ya fasa bango da gatari kafin ta fita. Ya ce shi sai da ya auna ƙofarsa sau biyu.

Na yi azahar a bayan tirela, na ci dafaffiyar masara mai zaƙi kamar an zuba mata sukari, don naman wurin ban san asalinsa ba. Da la'asar dattijon ya ce in hau mu zaga. Sandar nan ba wasa ba ce, ka ɗan motsa ta motar ta zabura gefe. Mun yi nisa cikin layin taraktoci sai ji kake kacau, injin na kuka, mota ta tsaya cak. Kaca ta rabu, ɗan makullin da ke riƙe mahaɗinta ya faɗa cikin ciyawa. Dattijon ya fara zancen komawa rumfa a ƙafa ya ɗauko sabo. Na ce ya ba ni filaya kawai. Na tsinci guntuwar waya a jikin shinge, na mayar da mahaɗin, na naɗe wayar a tsagin fil ɗin na murɗe. Ɗago kan da zan yi, mutum kusan goma sun kewaye ni suna kallo, wani yana ɗauka a waya. Abin da kowane yaron gareji a Kano zai yi ido rufe. Dattijon ya ce ba zai cire ta ba, zai ƙara layi ɗaya a allon.

A hanyar dawowa duhu ya fara, muka sake riskar wani keken doki kusa da Geneva, fitilarsa na lilo. Ni kuwa lissafi nake: injin babur, tayoyin keken ɗaukar kaya, bututun ƙarfe daga Ƙofar Ruwa. Ana gobe zan taso dattijon ya miƙo mini takardun awon motar a naɗe cikin bututun kwali. Ɗana ya ce jakata ta cika kilo. Na ciro takalmi ƙafa biyu na bar masa. Wanda zai lanƙwasa mini katakon gaban a 'Yan Katako na Na'ibawa ma na riga na san shi, sai dai mu yi ciniki.