Abun da zaman aji a Bejin ya koya min game da Sinanci

Ƙannenmu masu neman gurbin karatu a ƙasar Sin suna yawan tambayata wai shin Sinanci akwai wuya? Ni dai amsata kullum ita ce akwai, amma ba a wurin da suke zato ba. Kowa karin sauti yake tsoro, an ce masa kalma ɗaya in ka ɗaga murya ma'anarta daban in ka sauke daban, sai gabansa ya faɗi. To ai mu ma haka Hausarmu take, Bahaushe ba ya ruɗa kukan yaro da kukar miya ko da a duhu aka faɗa masa. Sinancin da ake koyarwa a makaranta, wanda su suke ce wa putonghua, karin sauti huɗu gare shi sai wani ɗan mara nauyi na biyar. Na ɗaya a sama yake a miƙe, na huɗu faɗowa yake, waɗannan biyun kunnenmu ya san su tun a gida. Na biyu mai hawa da na uku mai nitsewa ya taso su ne suka ɗan ba ni aiki, don Hausa ba ta da sauti mai hawa. Duk da haka a ajinmu 'yan Turai da 'yan Koriya sun fi ni shan wahala a nan nesa ba kusa ba.

Nahawun ma da sauƙinsa. Babu namiji babu tamace a suna, aikatau ba ya canza kama, babu irin jam'in nan namu da kowace kalma da nata salon. Sai dai kalmomin ƙirga, littafi sai ka sa ben, abu mai faɗi kaman takarda ko tebur zhang, abu dogo kaman kifi ko wando ko titi tiao, su kam sai hadda.

Inda gizo ke saƙar shi ne rubutu. Jami'ar da aka tura ni musayar ɗalibai tana unguwar Haidian, can arewa maso yammacin Bejin inda manyan makarantu suka taru. Ƙarfe takwas na safe ake shiga aji a tashi sha biyu, darasin gama-gari da na magana da na sauraro da na karatu. Kafin a fara komai malama za ta ce a rufe littafi, a fito da takarda, tingxie ke nan. Ita tana faɗar kalmomin da aka yi jiya, kai kana rubutawa da ka, harafin da pinyin ɗinsa, wato yanda ake rubuta furucinsa da haruffan boko, da alamar sauti a kai. Kusan kullum ne, ba ruwanta da ko sanyi ake ko dusar ƙanƙara na zuba. Saboda haka daren kowa a kan littafi yake ƙarewa, wani littafin rubutu ne da aka raba shafinsa gida-gida, kowane gida an tsaga shi huɗu da ɗigo-ɗigo don ka san inda kowane zane zai zauna. Kuma ba yanda ka ga dama za ka zana ba, daga sama ake farawa a sauko, daga hagu a tafi dama, layin kwance kafin na tsaye. Na taɓa ganin malamar ta tsaya a kan wani yaro ɗan Kazakistan, harafin ya fito daidai tsaf amma ta ce ya goge, ta ga ta ƙasa ya faro. Ta kama alli ta sake zanawa a hankali tana ƙirgawa da baki, yi, er, san, si, mu duka muna bin ta da yatsa a iska.

Wasu 'yan ajin sun yi ta ƙorafi wai wannan tsohon yayi ne, hadda ce kawai ba tunani. Ni gaskiya ban yarda da su ba, kuma har yanzu ban yarda ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan hanyar, ka rubuta, ka biya, ka hadda, a wanke a sake ɗora maka wani, kuma ya san abun da aka zuba maka ta haka ba ya fita da wuri. Tunanin ma yana zuwa, sai dai bayan hannu ya saba. Wata rana kawai za ka lura ashe haruffan nan ba zane ne barkatai ba, gaɓoɓi ne ake haɗawa. Ɗigo uku a gefen hagu alamar ruwa ce, za ka gan su a kogi da teku da wanka da miya. Akwai na baki, akwai na hannu, akwai na itace, tsohon ƙamus na zamanin sarki Kangxi ya jera irin waɗannan tushen guda 214. Sau da yawa ɗaya gefen kuma yana ɗan nuna maka yanda ake furtawa. Daga ranar da idonka ya buɗe a kan wannan, sabon harafi ya daina ba ka tsoro, amma wallahi ba ka kai wa nan sai ka cika littattafai da rubutu. 'Yan Japan ne kaɗai suka zo da guzurinsu, su da ma da irin haruffan suke rubutu a gida, ka gan su suna karanta shafi guda suna gane ma'ana alhali bakinsu bai iya furta shi ba.

Abu na biyu da na gane, aji rabi yake ba ka. Muryar da ake kunna mana a darasin sauraro tas-tas take fita, amma ka fito bakin ƙofar makaranta ka shiga tasi, direba ɗan asalin Bejin ya buɗe baki yana haɗiye rabin kalma yana manna r a ƙarshen kusan komai, sai ka rantse wani yaren ne daban. Nan ne ɗalibai ke rabuwa gida biyu. Akwai masu komawa hostal su zauna da 'yan ƙasarsu ana hira da Turanci ko Faransanci ko Hausa har dare, ga intanet ga waya, shekara ta zagayo ba su wuce gaisuwa ba. Abun yana ba ni takaici sosai don kuɗi da lokaci ne ake zubarwa, kuma wani a gida yana can yana neman irin damar bai samu ba. Ni Allah ya taimake ni aka haɗa ni ɗaki da wanda ba ya jin Turanci ko kaɗan, in za mu yi maganar kashe fitila ko buɗe taga dole da Sinanci, da gurguwar magana da nuni har muka miƙe.

Wurin cin abinci ma makaranta ce. Haruffan da na fara riƙewa da gaske su ne 清真, qingzhen, alamar halal, don in ba ka gane su ba yunwa ce za ta gaya maka. Makarantar na da ɗakin cin abinci na Musulmi daban, a waje kuma ga shagunan taliyar birnin Lanzhou, ka tsaya kana kallo mutum ya kama curin ƙullu ya ja ya ninka ya sake ja, nan da nan ya zama zare-zare ya jefa a tukunya, a zuba romon naman shanu da man barkono. A nan na koyi cewa siririya nake so ko mai faɗi, a rage yaji, a ƙara nama. Matar da ke karɓar kuɗi in na karkace sauti ba ta ƙyale ni, sai ta maimaita daidai ta jira na faɗa sannan ta miƙo min kwano. Ban taɓa jin haushin hakan ba, gata ta yi min. Ranar Juma'a in an tashi aji wani lokaci nakan daure na tafi masallacin Niujie, wanda tarihinsa ke komawa shekarar 996, gini irin na Sinawa da rubutun Larabci a jiki. Dattawan Hui, wata ƙabilar Musulmin Sin, suna son hira, daga salamu alaikum sai tambaya, daga ina kake, me kake karanta, iyayenka na da rai? Tambayoyin ba sa canzawa, shi ya sa amsoshin suka zauna min daram.

Kallo kam za ka sha, musamman in ka bar manyan birane, wani har hoto zai nemi ku yi. Abun da na lura da shi, da zarar ka amsa da harshensu fuskar mutum takan sake. Na ma haɗu da ɗaliban Sin masu karanta Hausa a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Bejin, har da sunayen Hausa suke amsawa, kuma gidan rediyon ƙasar ya buɗe sashen Hausa tun 1963. Da ɗaya daga cikinsu muka riƙa musaya, ya gyara min sauti ni kuma na gyara masa jam'i.

Maganar HSK, jarabawar auna ƙwarewar baƙi a Sinanci, a tsarin matakai shida da na sani mataki na ɗaya kalmomi 150 ne, na huɗu 1200, na biyar 2500, na shida 5000, a 2021 kuma aka fito da sabon ma'auni mai matakai tara. Wanda zai tafi ya daure ya koyi pinyin da kalmomin matakin farko tun yana gida, makonnin farko za su zo masa da sauƙi. Kuma ya yi hattara da waya. A WeChat, manhajar hirarsu ta waya, pinyin kake bugawa haruffa su jero ka zaɓa, ido yana ganewa amma hannu yana mutuwa a hankali, su kansu Sinawa suna kuka da wannan, mutum ya ɗauki biro harafi ya ɓace masa. A ajinmu duk waɗanda suka koma yin aikin gida a kwamfuta, a tingxie na zango na biyu aka fara gane su.